Rabin Dokin Malam Kanemaru

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 11 na safe

Ambulan ɗin Malam Kanemaru ya iso. Ebisawa ce ta kawo, ita da ke zagaya gidajen masu zanenmu da motar kamfani kowace safiya. Ta dire mini shi a tebur ta ce, "Ga dokin tsohonki, Fumie. Ashe murar ta sake shi." Mura. Abin da muka gaya wa kamfani ke nan, ni da matarsa Inna Sumiko, a kan kwana goma sha ɗayan da ya yi a asibiti.

Sai da ta fita na buɗe. Na ɗora takardun a kan gilashin teburina, na kunna fitilar ƙasa, na kaɗa su da yatsu don in ga motsin. Ga kai, ga wuya, ga ƙafafun gaba, duk nasa ne, babu mai yin irinsu a duk Tokyo. Daga tsakiyar ciki zuwa hagu kuwa, farar takarda fes. Babu ƙafafun baya, babu wutsiya. Takarda goma sha takwas, duk haka suke. Har ya buga hatiminsa a bayan ambulan, ya rubuta "an gama".

Aikina a kamfanin nan mai shirya katun na talabijin shi ne gyaran zanen mutane. Wanda duk ya kauce, sai in ɗora takarda rawaya a kan tasa in zana gyaran, ambulan ya zagaya sassa, kowa ya ga inda ya gaza. Shekara ashirin da huɗu ina ofishin nan, ban taɓa ɗora rawaya a kan zanen Malam ba, kuma ban ji wanda ya taɓa ba. Shi ya koya mini riƙon fensir.

Na tura ambulan ɗin a aljihun tebur na murza makulli.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

Na sayo irin fensirinsa mai laushi. Na ƙarasa ƙafafun a kan takardunsa, da irin jan layinsa. Ban sa rawaya ba.

Alhamis, 5 ga Yuni, tsakar rana

Darakta Utsumi ya kira mutane suka taru a kan gwajin motsin. Dokin ya sheƙa a guje a allo, Utsumi ya buga tebur ya ce, "Kun gani ko? Da tsohuwar zuma ake magani! Shekara saba'in da huɗu, ku kuma ko jaki ba ku iya tsayarwa a kan ƙafa huɗu." Aka yi dariya. Ni ma na yi, bakina kamar na tauna alli.

Na tuna ranar da Utsumi ya kai wa Malam labarin nan, shekara uku da suka wuce, ina rakiya. Makiyayin Rana Biyu: wani kaboyi a busasshiyar duniya mai rana biyu, jiragen sararin sama na sauka a bayan gari kamar motocin kasuwa, ɗan sandan garin rabinsa ƙarfe ne, shi kuwa gogan yana yawo a kan doki da tsohuwar bindiga. Masu kuɗin shirin sun so a yi dokin da kwamfuta, ko a mai da shi babur mai tashi sama a huta. Malam ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Jirgin ƙarya ne, rana biyun ƙarya ce, bindigar ma ƙarya ce. Mai kallo ya sani, ya kuma yafe maka. Amma ya san doki. In ƙafar doki ta yi ƙarya, jiragenka duk sai su zube ƙasa." A kan maganar nan Utsumi ya yi ta faɗa da mutane har aka bar mana dokin hannu. Sharaɗin ɗaya ne: Malam ne zai zana. Ranar da ya kasa, dokin kwamfuta na nan a shirye.

Saura kashi uku a gama shirin. Kashi uku kacal.

Lahadi, 8 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma

Na je gidan su Malam a Oizumi. Ruwa tun daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar gida, lemata ta juye sau biyu.

Ya yi aski. Kuncin dama sumul, na hagu furfurar kwana goma. Ya ce, "A'a, mai rawaya ce da kanta! Wa kika kashe a makon nan?" Na ce, "Mutum uku, Malam, ɗaya ma har da kuka." Ya yi dariyar nan tasa. Muryarsa lafiya lau, wayonsa lafiya lau, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Inna ta kawo abinci. Ya cinye shinkafar da ke damansa, ya ajiye tsinken cin abinci ya ce, "Yau babu kifi, Sumi? Kin fara yi mini rowa?" Kifin na gabansa, tazarar yatsa huɗu zuwa hagu. Ta juya farantin katakon da abincin ke kai a hankali. Ya ce, "Yauwa, ashe ɓoyewa kika yi."

Na bi ta madafa da kwanuka. Ta buɗe famfo don kada ya ji, ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta. "Fumie, kin gani da idonki. Ba makanta ba ce, idon lafiyarsa ƙalau. Likita ya ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk abin da ke hagunsa ba ya sanin yana nan, ni dai ban riƙe sunan ba. Shi a wurinsa babu abin da ya ɓace."

Na ce, "Inna, ba a gaya masa ba?"

"An gaya masa sau uku. Ya ce likitan yaro ne. 'Yar nan, zanen nan ne ke tashinsa da safe. In an karɓe shi, me zan ce masa ya tashi ya yi? Ki rufa mana asiri har a gama. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Shekarar da na zo garin nan ba ni da kowa, a ɗakin sama na gidan nan na kwana wata bakwai, ita ke ƙulle mini dunƙulen shinkafa a ƙyalle kowace safiya. Na ce to. Me zan ce?

Da zan fita na leƙa ɗakin aikinsa. Abu na farko da ya koya mini shi ne juya takarda. Ki gama zane, ki kifa shi a kan fitila ki kalle shi ta baya, duk karkatar da idonki ya saba da ita sai ta fito. Shi kuwa shekara talatin rabonsa da juya tasa. Ya ce wannan aikin 'yan koyo ne.

Talata, 10 ga Yuni, da safe

Ambulan biyu. Na ƙarasa. Ban sa rawaya ba.

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe 3 na rana

Nawa aikin ya taru har ya kai tsayin kofin shayi sau uku. Na daka wa wata mai zane tsawa a kan kunnen ɗan sanda, kunne kawai, ta fita da ido ja. Ba ita na yi wa ba, amma wa zan gaya wa haka?

Ebisawa ta tsaya a kaina da jadawalinta. "Ke Fumie, ambulan ɗin tsoho da ba ki taɓa riƙewa ya wuce minti biyar ba, yanzu kwana yake a wurinki. Soyayya kuke yi da dokin?" Na ce kallo nake ina ƙaruwa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ƙaru da sauri." Matar nan shekara ashirin tana ɗaukar ambulan, ba ta iya zana ko ƙwai ba, amma idonta ya fi na rabin masu zanen.

Wuyan hannuna na zafi. Na ɗaure shi a ƙarƙashin hannun riga.

Jumma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe 10 na safe

Yanki na 214, kashi na ƙarshe. Shi ne gudun da aka gina shirin gaba ɗaya a kansa. Duk makonnin nan kaboyin tserewa yake, dokin na fuskantar dama, shi ya sa na samu kai na rasa baya. A nan ne zai ja linzami ya juyo, ya nufi jirgin da ya sauka a kan garinsu. Jarumi in zai kai hari daga dama yake tasowa ya yi hagu, haka ake yi tun kafin a haife ni. Na san da wannan, na ga tsarin tun watan Maris. Ban bar kaina ya yi lissafin ba.

Takarda ashirin da huɗu. Cinya, ƙafafun baya, wutsiya a miƙe, ƙura na tashi. Ban taɓa ganin ƙafafun baya masu kyan waɗannan ba. Babu kai.

Jumma'a, ƙarfe 1 na rana

Babu kai. Babu wuya. Mahayin ma rabinsa ne.

Asabar, 14 ga Yuni, da yamma

Ni kaɗai a ofis. Na zana kan doki a takardar gwaji sau sittin da wani abu. Ƙafa lissafi ce, wanda ya ƙirga zai iya sata. Kai ba haka yake ba. Dokin Malam kana kallon idonsa ka san tsoro yake ji kuma ba zai tsaya ba. Nawa duk kamar an aike su kasuwa.

Na kifa ɗaya a kan fitila na kalle shi ta baya. Gara ban kalla ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe 6 na yamma

An nuna kashi na goma sha ɗaya a talabijin ƙarfe biyar, wanda ƙafafuna na farko ke ciki. Mutane a waya sai yabo suke, wai tsoho ya nuna wa yara aiki. Sunansa ya hau allo shi kaɗai, kamar yadda aka saba.

Ana gamawa waya ta yi ƙara. Shi ne. Ya ce, "Fumie." Na ce, "Na'am, Malam." Ya ce, "Na gani." Na jira. Ina jin Inna daga nesa tana cewa shayinsa zai huce. Ya ajiye.

Me ya gani? Dokin ɓangaren dama ya nufa, baya na hagun allo. Amma yana ratsa allon ne, kuma kafin ya fice ta dama dole ƙafafun bayan su bi ta inda yake gani. Wannan ma ban bar kaina ya lissafa ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Bai kira ba. Ban kira ba.

Talata, 17 ga Yuni, da rana

Kai arba'in. Babu ko ɗaya. Na ci rabin dunƙulen shinkafa a tsaye. Ruwa bai ɗauke ba.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe 4 na yamma

Ebisawa ta ce in raka ta mota in kama mata kaya. Babu wani kaya. Ta rufe ƙofa, ta kunna abin goge gilashi, muka zauna yana ta kai da komo.

"Kwana biyar 214 na aljihun teburinki."

Na ce ina dubawa.

"Haba Fumie, ni za ki yi wa? Ni nake karɓowa daga hannun Inna. Ambulan ba a liƙe yake ba. Tun na farko na gani."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

"Don ban iya zane ba, ba yana nufin ba ni da uba ba." Ta share hanci. "Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mun zo ƙarshensa. Ranar Jumma'a ƙarfe biyar masu sa launi za su karɓa. In babu doki mai kai a hannuna, sai na shiga wurin Utsumi, ya kira mutanen kwamfuta. Kwana ɗaya ya ishe su. Gudun ƙarshe na Malam zai zama na inji, kuma sai an tambayi dalili."

Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Ta ce ko uwarta ce ba za ta iya ba. Na zage ta. Na ce mata direba ce kawai, ba ta san abin da ake ciki ba. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini hankici. Na yi kuka a motar kamfani kamar yarinya, ina shekara arba'in da bakwai.

Ina tsoro. Ba korata nake tsoro ba. Tsoron ranar da zai sani nake, da kuma tsoron ya riga ya sani.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe 8 na safe

Inna ta kira. Wai Malam ya ce in zo da 214 yadda yake, kada in taɓa komai. Kwana uku bai ɗauki fensir ba.

Alhamis, ƙarfe 6 na yamma, a jirgin ƙasa

Dole in rubuta kafin in manta yadda aka yi.

Yana zaune a teburinsa, fitila a kunne. Babu zolaya yau. Ya ce, "Ƙafar baya ta hagu, a kashi na goma sha ɗaya. Tana sauka da wuri, da takarda ɗaya. Mutum ɗaya na sani mai wannan kuskuren, tun tana 'yar ashirin da uku nake faɗa mata." Na durƙusa, goshina a tabarma. Ya ce, "Tashi, ba gaisuwa na kira ki ba. Ba ni."

Na miƙa masa takarda ta farko. Ya ɗora a gilashi, ya daɗe yana kallo. "Ga doki. Me ya same shi? Me kika gani da har kika sa hannu a aikina a ɓoye?" Inna na bakin ƙofa ta toshe baki da gefen riga. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Malam, juya ta."

Ya harare ni. Sannan ya zare takardar, ya kifa ta.

Farin ya dawo dama, inda yake gani. Abin da ya zana ya koma hagu. Ya kalla, ya kalla, ya ce, "Ina dokin?" Ya sake juyawa, ga doki. Ya kifa, babu komai. Sau huɗu ya yi. A na biyar ya bar ta a kife, ya ɗora tafin hannunsa a kan farin wurin. Ruwa na sauka a kan rufi.

Can ya ce, "Ashe yaron nan likita ne." Ya ce, "Sumi, kifin ma?" Ta ce, "Kifin ma." Ya ce, "Tun yaushe?"

Na fara ba shi haƙuri, na ce zan ƙarasa kan da kaina, babu wanda zai sani, sunansa zai fita tsaf. Ya daka mini tsawar da rabona da ita tun ina ɗakin sama. "Ke kin iya kan doki? Ki mai da mini shi tinkiya a gudun ƙarshe? Miƙo fensir!"

A bayan takardar ya zana, a farin nan na dama, kan doki mai fuskantar dama. Minti shida. Ya juya ta a kan fitila, kan ya bayyana ta cikin takarda yana fuskantar hagu. Idon nan ne. Hancin nan ne a buɗe. Sai dai kan na shawagi shi kaɗai, bai haɗu da jiki ba, ya ɗan yi sama, don lokacin da yake zana shi ba ya ganin jikin.

Ya ce, "Ya haɗu?" Na ce, "Bai haɗu ba, Malam." Karo na farko ke nan a makonni uku da na gaya masa gaskiya.

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya fito da ƙunshin takarda rawaya, tsohuwa har gefenta ya dushe, ta zamanin da shi ke gyara na mutane. Ya tura mini. "Kai nawa, baya nawa. Wuya da mahayi naki. A kan wannan za ki yi."

Na ce, "Malam, in ambulan ya zagaya da rawaya ashirin da huɗu, kowa zai gane. Ba za a sake kawo maka aiki ba."

"To da me kike so a kawo mini? In ba ki rabin doki ki riƙa yi mini sata har in mutu? Wanda ya gaza, rawaya ake sa masa. Ni na koya miki. Ko don ni ne za ki lalata aikin?"

Mun yi goma sha ɗaya yau kafin hannunsa ya gaji. Ni nake sa masa ɗigo a bayan takarda inda kan zai zauna. Saura sha uku, gobe tun bakwai.

Jumma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe 5 da kwata

Na miƙa da saura minti tara. Ebisawa ta buɗe a gabana ta ƙirga, rawaya bayan rawaya. Ta rungume ambulan ɗin a ƙirji ta kai wa Utsumi da kanta. Ya kaɗa takardun sau ɗaya, ya sake kaɗawa, ya cire hularsa. Kafin a tashi kowa ya sani.

Na sa rawaya.

Laraba, 25 ga Yuni, da safe

Motar Ebisawa ba ta bi ta Oizumi ba yau. Babu abin ɗaukowa.

Lahadi, 29 ga Yuni, ƙarfe 7 na yamma

A gidansu na kalla. Inna ta yi masa aski da kanta, kunci biyu. Teburin aikin an lulluɓe shi da ƙyalle. Na zauna a damansa.

Jirgin ya sauka a kan garin, rana biyu sun yi ja, kaboyin ya ja linzami. Dokin ya juyo ya taso daga dama. Malam ya matso gaba, leɓensa na motsi, ƙirga ƙafa yake. Daƙiƙa biyu ya samu. Daga nan dokin ya tsallaka tsakiyar allo ya shiga hagu, ya bar masa rairayi da ƙura. Ƙarar kofato na ci gaba.

Ya laluba ya kama hannuna, wanda ke ɗaure, ya matse har na ji zafi.

"Fumie, yana gudu?"

"Yana gudu, Malam."

"Kan fa? Faɗa mini gaskiya."

"A miƙe yake. Kunnuwa a kwance. Bai waiwaya ba."

Bai saki hannuna ba. Idonsa na kan rairayin da babu kowa. Ya ce, "To ki kalla mini har ya isa."